Kuɗin tambur a Nijar: daga santim zuwa dala

Tambur, wanda 'yan Najeriya ke kira kan sarki, shi ne shaidar cewa mai aika wasiƙa ya biya kuɗin ɗaukarta. An fara shi a Ingila a shekara ta 1840 a kan kwabo ɗaya. A Nijar, adadin da ke rubuce a kansa ya riƙa canzawa tare da darajar kuɗin ƙasa.

Tambur na farko mai sunan Nijar ya fito a 1921, lokacin da Turawan Faransa suka buga “Territoire du Niger” a kan tamburan yankin Haut-Sénégal-Niger. Mafi araha santim ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na tamma, mafi tsada kuma tamma biyar, dala ɗaya ke nan. A 1926 aka buga waɗanda aka zana musamman don Nijar. Daga tsakiyar shekarun 1940 ƙasar ta koma amfani da tamburan bai ɗaya na AOF, kuma a watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro kuɗin sefa.

Jamhuriyar Nijar ta soma buga nata a 1959. Tambur mai hoton shugaba Diori Hamani da ya fito a 1960 dala biyar ne, wato sefa 25. A 1961 ƙasar ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda ke tsara yadda ƙasashe ke biyan juna ladan isar da wasiƙa.

Babban sauyi ya zo a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da gidan waya ke biya da kuɗin waje, kamar jigilar jirgin sama da buga tambur a ƙetare, ya ninka a rana ɗaya. Shi ya sa wasiƙar waje ta fi jin jiki.

A Arewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyalai a Dogon Dutsi da Tibiri da 'ya'yansu ke ci-rani a Abijan ko Kumasi, ko ke karatu a Yamai, ta wasiƙa da manda suke gaisawa. Bayan kuɗin tambur akwai na ambulan, da ladan mai rubutu ga wanda bai yi boko ba.

Yau salula ta karɓe gaisuwa, amma har yanzu ana aika takardun jarrabawa da ƙunshin kaya ta Niger Poste. Nauyi da inda saƙon zai je su ke yanke farashi, don haka a sa a auna kafin a liƙa. A kuma lura: tambur na haraji da ake sawa a takardun hukuma daban ne, ba ya kai wasiƙa ko'ina.