Abin Sha Kafin Tuwo: Waiwaye Daga Ƙasar Gumel

Hausawa na cewa, ba baƙo ruwa ka sha labari. Kowace al'umma tana da abin da takan miƙa wa baƙo ya jiƙa maƙoshi kafin a kawo akushi. A ƙasar Gumel, wadda ta haɗa da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tarihin wannan ɗabi'a ya ci karo da na Turawa iri biyu, domin ƙasar tana bakin iyaka ne.

Faransawa suna da abin da suke kira afiritif, kalmar da ta samo asali daga Latin, ma'anarta mabuɗi, wato abin da zai buɗe ciki. Yawanci giyar inabi ce da aka ƙara wa barasa mai ƙarfi don kada ta lalace a doguwar tafiya, aka kuma jiƙa saiwoyi masu ɗaci a ciki. A shekarar 1786 Antonio Carpano ya fito da irin tasa a birnin Turin na Italiya. A 1846 kuma Joseph Dubonnet ya haɗa wata a Faris, ya zuba mata kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Ingilishi su ma da kwinin suke sirka tasu barasar a ƙasashen zafi. Ashe ke nan kofin da Bature yake ɗagawa da almuru, akwai tsoron sauronmu a cikinsa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka shigo Gumel a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka, Maigatari ta faɗo ɓangaren Ingilishi. A Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin Nijar har 1926 lokacin da aka koma Yamai, jami'an Faransa sun ci gaba da al'adarsu ta gida. A wannan ɓangare kuwa doka ta fi tsanani. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusel, babban birnin Beljiyam, cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da addini ya hana ta ba. Gwamna Lugga ya riƙe wannan, dokar giya ta 1917 kuma ta sa Arewa cikin yankin da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Bature kam an bar masa tasa.

Ko da jirgin ƙasa ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru a 1930, ya kawo baƙi da kayan kanti, kwalbar ba ta sami wurin zama a zaure ba. Dokar Finalkod ta 1960 ta sa shan giya ya zama laifi ga Musulmi, Jihar Jigawa kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Amma a gaskiya ba doka ce ta tsare zauren ba. Musulunci ya riga Bature zuwa Gumel, kuma mutanen ƙasar suna da nasu mabuɗin.

Matafiyin da ya sauka da ƙurar hanya, farau-farau ake fara ba shi, ruwan randa mai sanyi da aka dama ɗan gero a ciki. Idan baƙon mai daraja ne, sai fura da nono a ƙwarya, da ludayi. Da azumi, kunun tsamiya ne ke gaba da tuwo. Citta da kanumfari da masoro da ake sa wa fura, aikin da suke yi shi ne wanda saiwoyin Bature suke yi, su tayar da sha'awar abinci, ba tare da hankali ya gushe ba.

Abin lura shi ne, abin da kwalbar Faransa ta kasa yi a zamanin mulkin mallaka, lemon kwalba da ruwan leda sun yi shi cikin ruwan sanyi. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari har yanzu ana dama fura, amma a gidaje da yawa mai gida kan ji kunyar miƙa wa baƙo ƙwarya, sai ya aiki yaro kanti. Yara da dama sun tashi ba su san farau-farau ba. Gero dai yana nan a rumbu, tsamiya tana nan a bakin gona. Saura mu daina ganin ƙwaryar a matsayin alamar talauci.