Kilim ɗin mota da takardar da ke kare mai ƙirƙira

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Magariya zuwa Damagaram a watan Afrilu ya san darajar kilim, na'urar sanyaya mota, ko da yake a motocinmu na haya sauke gilashi shi ne kilim. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara saka ta a motocinsa a 1939.

Ga yadda take aiki: bel ɗin inji ke juya kwamfuresa, ita kuma ta matse gas, ya huce a gaban mota ya zama ruwa. Da ya shiga bututun ciki sai ya koma iska, ya zuƙe zafin da ke cikin motar. Injin ke ɗaukar wannan nauyi, shi ya sa mota ke ƙara shan mai.

Irin wannan ƙirƙira ana kare ta da takardar da ake kira brevet da Faransanci, don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izini ba. Mu a Nijar, hukumar OAPI da ke Yawunde a Kamaru ke bayar da ita. Takarda guda tana aiki a ƙasashe 17, har shekara 20.

Amma fa Najeriya ba ta ciki. Makanikin Dungas da ya ƙera sabon abu, in kasuwar Maigatari yake hari, sai ya nemi wata takardar a Abuja.