Darbejiya, Toka da Funfunar Mangwaro a Mando

'Yan uwa marubuta, wannan makon a ƙarƙashin bishiyar mangwaro za mu zauna.

Da ruwan farko ya sauka a Kaduna, wajen Afrilu zuwa Mayu, sai baƙaƙen tabo su bayyana a jikin mangwaron da ke gab da nuna a gidajen Mando da lambunan hanyar Afaka. Funfuna ce da laima ke tayarwa. Da hunturu kuwa wata fara ce mai kama da gari ke hawa fure, ya kaɗe tun bai ƙulla 'ya'ya ba. Mai lambun da ke jiran kuɗin makarantar yara daga bishiya goma ya san zafin wannan.

Maganin da aka fi ba mu shi ne a jiƙa ganyen darbejiya, a barbaɗa toka, a shafe gindin bishiya da farar ƙasa, ana cewa gadon kakanni ne. Toka dai tsohuwa ce a hannunmu. Amma darbejiya baƙuwa ce: asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, kuma a 1928 aka fara shuka ta a Borno. Sai a 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar ta. Ƙarfinta a kan ƙwari yake. A kan funfunar da ta riga ta shiga ɗan itace tasirinta kaɗan ne. Wanda zai rubuta labarin ƙauye na zamanin Shehu ya sa dogon yaro a ƙofar gida, to ya duba wannan shekara.

Maganin funfuna da duniya ta fi sani shi ma dabarar manoma ce, kuma ba don cuta aka ƙirƙiro shi ba. A yankin Bodo na Faransa masu gonakin inabi na bakin hanya kan yayyafa shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa don masu wucewa su ji tsoron tsinka. A 1882 malamin tsirrai Millardet ya ga ganyen da aka yayyafa wa ya tsira daga funfunar da ta shigo daga Amurka. Ya gwada, ya auna, ya wallafa a 1885. Abin da ya raba haɗin Bodo da tokarmu ke nan: an rubuta ma'auninsa.

Mu kuwa ga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta ABU a Mando, ga ta gandun daji a Afaka, amma har yau da baki ake karɓar awo, wannan ya ce kwano ɗaya, wancan ya ce biyu. Ga abin da ya tabbata yana aiki: a sassabe rassa iska ta ratsa, a kwashe ruɓaɓɓun 'ya'ya da busassun rassa a ƙone, a yi feshi tun lokacin fure. Shi kansa haɗin Bodo riga-kafi ne, kuma idan aka yawaita shi jan ƙarfen yakan taru a ƙasa ya kashe tsutsar da ke gyara ta.