Gindiri: Yadda Sansanin Masu Bishara Ya Zama Garin Makarantu

A ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, kudu maso gabashin Jos, akwai wani gari na al'ummar Pyem wanda sunansa ya yi nisa fiye da girmansa. Duk inda tsofaffin 'yan bokon tsakiyar Najeriya suka taru, da wuya a watse ba a ji wani ya kira kansa ɗan Gindiri ba, ko da kuwa a Langtang, Numan ko Wukari aka yanke masa cibi. Karatu ne ya kai shi garin, zaman makarantar kwana kuma ya mai da shi ɗan gida.

Tushen labarin yana komawa 1904, shekarar da wani Bajamushe mai suna Karl Kumm da abokan tafiyarsa uku suka yada zango a Wase da sunan ƙungiyar Sudan United Mission, wadda aka fi sani da SUM. Zaman Wase bai ɗore ba. Mishan ɗin ya karkata zuwa ga ƙabilun tsaunuka da na kwarin Binuwai, ya kafa tasha a Langtang, ya buɗe asibiti a Vom, sannan a 1930 ya karɓi tashoshin Panyam da Kabwir daga hannun mishan ɗin CMS. Aiki ya yi yawa, Turawan kuwa ba su da yawa. Dole a samo 'yan ƙasa waɗanda za su koyar, su yi wa'azi.

Matsalar ita ce harshe. Yankin yana da harsuna barkatai, kuma Ba'angashe ba ya jin Berom, Batarke ba ya jin Mwaghavul. Abin da ya warware ƙullin shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shekara biyu bayan haka, a 1934, aka buɗe cibiyar horo a Gindiri ƙarƙashin jagorancin William Bristow, kuma da Hausa aka riƙa koyarwa.

Ɗaliban farko ba yara ba ne. Magidanta ne, da yawa sun zo da matansu da 'ya'yansu. Maza suna koyon aikin malanta da na bishara, mata suna nasu ajin na karatu da rubutu da kula da gida, kowane iyali kuma yana noma abin da zai ci. Daga wannan cibiya aka samu fastoci uku na farko na ekklisiyar da mishan ɗin ya kafa, waɗanda aka naɗa a 1938: Toma Tok Bot daga ƙasar Berom, Bali Falang daga Langtang, da David Lot daga Panyam. David Lot ya shiga siyasa daga baya, ya zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin ƙananan ƙabilun Arewa kafin samun 'yancin kai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye suka fara neman abin da ya wuce takardar malanta. Gwamnati da kamfanonin haƙar kuza suna neman akawu, ana maganar mulkin kai, jami'a kuma ta buɗe a Ibadan a 1948. Yaron da ba shi da takardar sakandare ba shi da rabo a wannan sabon zamani. A 1950 aka buɗe Sakandaren Maza ta Gindiri, wadda kowa ke kira BSS. A 1953 makarantar yara makafi ta biyo baya, inda ake koyar da karatu ta hanyar shafa rubutu da yatsa, tare da sana'ar hannu. A 1958 'yan mata suka sami tasu sakandaren. Cikin shekara 25, fili guda ya tara masu koyon malanta, masu koyon tauhidi, samari, 'yan mata da makafi, kowa da makarantarsa, amma ana haɗuwa wurin sujada.

Rayuwar ɗalibi a irin wannan makaranta ƙararrawa ce ke juya ta. Ita ke tashe shi da asuba cikin sanyin Filato, wanda a lokacin hunturu yake ratsa bargo. Daga nan sai shara da wanka, addu'ar safe, aji, cin abinci, aikin hannu, wasanni, sannan karatun dare. Ɗakunan kwana a rarrabe suke gida-gida, kowane gida da malamin da ke kula da shi da manyan ɗaliban da ke tsawatarwa, kuma gasar guje-guje da ƙwallo tsakanin gidaje babbar rana ce a shekara. A aji Turanci ake yi, domin da shi ake rubuta jarrabawa. A ɗakin kwana da gona kuwa, Hausa ce ke haɗa ɗan Bachama da ɗan Jukun da ɗan Ngas, tunda Gindiri tana karɓar ɗalibai daga sauran rassan SUM na Adamawa da Binuwai.

Fartanya ba ta taɓa barin hannun ɗalibin Gindiri ba, ko bayan zuwan sakandare. Malamai sun ɗauki noma a matsayin darasi, ba hukunci ba. Ɗaya daga cikinsu, Peter Batchelor, wanda ya koyar da aikin gona a garin a shekarun 1950, shi ne ya assasa shirin Faith and Farm, wanda ya yaɗa noma da garmar shanu a ƙauyukan ekklisiyar. Malaman farko yawancinsu Turawan mishan ne da ke zaune cikin harabar makaranta, gidajensu kusa da na ɗalibai. Mutum guda kan koyar da lissafi da safe, ya busa usur a filin ƙwallo da yamma, ya yi wa'azi ranar Lahadi. Sannu a hankali tsofaffin ɗalibai suka dawo daga jami'a, suka karɓi alli da shugabanci.

Fita daga harabar makaranta ma tana da nata tarihin. Tafiyar farko ta ɗaliban Gindiri ta ƙafa ce: a ƙarshen mako sukan bazu ƙungiya-ƙungiya zuwa ƙauyukan kewaye, su yi waƙa, su karanta nassi, su koyar da yara. Wannan himma ce ta haifi ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri a 1957, wadda ta bazu zuwa makarantun Arewa, tarukanta na hutu suka zama hanyar da ɗalibai ke ganin garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Ziyarar ƙaro ilimi kuwa, Filato ba ta rasa wurin zuwa. Akwai gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, mai ɗauke da sassaƙen yumɓu na Nok, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da gonar kifi ta Panyam, da tsaunukan Kerang da suka taɓa aman wuta, da ramukan kuza na Bukuru. Makarantun yankin sun daɗe suna kai yara waɗannan wurare, inda darasin labarin ƙasa ke fitowa daga littafi ya tsaya a gaban ido.

Amfanin wannan tarbiyya ya bayyana a fili. Joseph Gomwalk, gwamnan farko na jihar Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975, a BSS ya yi sakandare kafin ya tafi Ibadan. Solomon Lar, wanda ya mulki Filato daga 1979 zuwa 1983, a kwalejin horon malamai ta Gindiri ya yi karatu. Ban da su akwai dubban malamai, ma'aikatan jinya, fastoci da ma'aikatan gwamnati waɗanda jarida ba ta taɓa buga sunansu ba.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da yawa a Arewa. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Sakandaren maza da ta mata na Gindiri kuwa har yau suna hannun ekklisiyar COCIN, magajiyar aikin SUM a Filato. Garin ya ƙaru da kwalejin ilimi ta jiha, makarantar tauhidi tana nan tana yaye fastoci, tsofaffin ɗalibai kuma suna da ƙungiyarsu, GOSA, wadda ke tara kuɗi don gyaran azuzuwa da ɗakunan kwanan da suka rene su.