Harshen Hausa da Tarbiyyar 'Ya'yan Kirista a Wusasa, 1905 zuwa Shekarun 1970

Manazarta tarihin Hausa sun fi mayar da hankali a kan makarantar allo da ta ilmi idan ana zancen tarbiyya, kuma suna da hujja, domin a nan ne mafi yawan 'ya'yan Hausawa suka tashi. To amma akwai wani ɗan reshe da ba a cika waiwayarsa ba, watau gidajen Hausawa Kirista na ƙasar Zazzau, waɗanda suka reni 'ya'yansu a kan tafarkin Almasihu ba tare da sun saki harshensu ko sutura ko gaisuwar iyayensu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda hakan ta faru, da irin rawar da harshe ya taka a ciki.

A shekarar 1900 ayarin mishan na C.M.S. a ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Cikin 1905 ya sami izinin zama a birnin Zariya, ya buɗe makaranta. Da yake wa'azi a bainar jama'a bai yiwu masa ba, sai aikinsa ya karkata ga yara. Ba shi kaɗai ya hango haka ba. A Zungeru, kusa da Minna, gwamnatin Lugga ta kafa gidan 'yantattun bayi, kuma a 1909 aka miƙa yaran ga mishan na S.U.M. a Rumasha. Sai dai yaran Zungeru an raba su da danginsu da harsunansu tun kafin su zo hannun Turawa. Na Zariya kuwa da yawansu iyayensu ne suka kawo su.

Iyayen nan su ne Isawa, mabiya Malam Ibrahim, wani malamin Kano wanda karatun Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman fada za su lamunta. An kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watsu zuwa Ningi da gabashin Zazzau. Daga 1913 zuriyarsu suka fara zuwa wajen Miller, har aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya da marayu masu yawa. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa.

Abin lura a nan shi ne, Isawa ba Maguzawa ba ne. Mutane ne da suka fito daga gidajen malamai, suka san allo da tawada, suka saba da tashin asuba. Saboda haka tarbiyyar da aka yi wa 'ya'yansu ta hau kan tsohon harsashi ne. Ajiye yaro a makarantar kwana bai zama baƙon abu ba ga mutanen da suka san riƙo da almajirci. Haddar ayoyi ma haka. Yaro yana durƙusa wa na gaba, yana kiran mai koyar da shi Malam, uwa tana kunyar ɗan fari kamar kowace Bahaushiya. Abin da ya canja shi ne littafin, da ranar taruwa, da kuma dokar mace ɗaya, wadda ta taɓa tsarin gida fiye da kome, tun da ta kawar da kishiya da 'yan uba daga rayuwar yaro, in ban da inda mutuwa ta raba aure.

Ta fuskar harshe kuwa, a nan ne ɗan nazari zai fi samun abin tsinta. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, kuma Miller ne jigon fassarar. Masu fassarar ba su ƙirƙiro sabon rumbun kalmomi ba. Sun ɗebo ne daga wanda Musulunci ya riga ya cika wa Hausa. Yaron Wusasa ya tashi yana jin Allah, Ubangiji, addu'a, ibada, zunubi, tuba, gafara, alheri, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura da Linjila, daidai da kalmomin da takwaransa na Tudun Wada ke ji. Baƙin kalmomi irin su baftisma da ikilisiya kaɗan ne. Wurin da aka ja layi shi ne suna: an zaɓi Yesu a maimakon Isa, abin da ya zama ɗan abin mamaki ga jama'ar da aka sani da sunan Isawa. Sunayen yanka ma sun kasu biyu. Yakubu, Dauda, Haruna da Maryamu ba sa nuna addinin mai su. Bulus, Bitrus, Istifanus da Ishaya kuwa da jin su an gane. Zaɓin da uba ya yi ranar suna yakan bi ɗansa har ofis da kasuwa.

Tasirin wannan Hausa bai tsaya a Zazzau ba. Mishan na S.I.M. sun riƙe makarantar koyon Hausa a Minna, inda sababbin Turawansu ke fara zama kafin a tura su ƙauyuka. Ta haka 'ya'yan Gwari da na ƙabilun Filato da kudancin Zariya suka koyi karatu da waƙar sujada da Hausar boko, sau da yawa kafin a rubuta nasu harsunan sosai. Wannan ya faɗaɗa Hausa ƙwarai, amma ƙananan harsuna ne suka biya kuɗin.

Yawan mutanen Wusasa bai taka kara ya karya ba, amma 'ya'yanta sun yi fice. R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa. Ishaya Audu, jikan Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shekarun da Yakubu Gowon, ɗan mai bishara Ba'angashe wanda ya tashi a Wusasa, yake mulkin ƙasa. Duk da haka, da yake a bakin jama'a kalmar Bahaushe ta kusa zama ɗaya da Musulmi, yaran sun girma a tsakanin gida biyu: 'yan'uwansu na jini suna ganin sun bar hanya, 'yan'uwansu na addini daga Kudu suna jin Hausarsu suna ɗari-ɗari da su.

Miller ya rasu a 1952. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Daga nan nauyin koyar da yaro addini ya sauka daga kan makarantar kwana, ya koma kan uwa da uba da makarantar Lahadi, kuma a garuruwa Turanci ya fara ƙwace wa Hausa wani sashe na sujada.