Tarihi: Daga Ina Rigimar Albashin Malamai Ta Samo Asali?

Duk sa'ad da malamai sunka shiga yajin aiki, abin da ake ji a fada shi ne: "Su mushe sun sake aje alli." To amma wannan rigima ta girmi da yawa daga cikin malaman da ke aji yau.

A shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, baitulmalin Nijar ya bushe. Gwamnati ta nemi bashi wajen Bankin Duniya da asusun FMI, su kuma sunka ce sai an tsuke bakin aljihu: a rage ɗaukar ma'aikata, a rage kuɗin tallafin ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗaliban jami'ar Yamai sunka fito zanga-zanga kan wannan tsari, anka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku sunka rasu. Daga nan uwar ƙungiyar ƙwadago USTN, wadda sandikar malamai SNEN ke cikinta a lokacin, ta ɗau zafi, har anka kai ga babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991.

Dimokuraɗiyya ta zo, amma ba ta zo da kuɗi ba. A Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan masarufi sunka yi tsada, ma'aikata na bin bashin albashin watanni. Manyanmu na tuna "farar shekara", wato shekarar da yara ke komawa ajin da sunka baro don ba a yi karatun kirki ba.

A 1998, shekarar da anka kafa dokar ilimi ta LOSEN, anka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya sunka zama ƴan kwantaragi. Lissafin a fili yake: kuɗin da za a ba malami ɗaya mai matirkil ya kusa ɗaukar ƴan kwantaragi uku. Shirin shekara goma na PDDE, da ya soma a 2003 zamanin Tandja Mamadou, a kan wannan lissafi ya tsaya. Gaskiya ne an buɗe lakkol a ƙauyukan Adar da ba su taɓa ganin allo ba. Amma yau mafi yawan malaman firamare ƴan kwantaragi ne, kuma ana samunsu a CEG, lise da cibiyoyin koyon sana'a na CFM. Abin da suke karɓa ma ba a ce masa albashi, pekil ake ce masa.

Tun daga lokacin, in sandika irin su SNEN da SYNACEB sunka zauna da gwamnati, maganar ba ta wuce uku: a biya pekil ƙarshen wata, a ba ƴan kwantaragi matirkil, a biya bashin baya. A sa hannu kan yarjejeniya, a janye yajin aiki, bayan ƴan watanni a dawo kan zancen da anka baro. A Yuli 2017 minista Daouda Mamadou Marthé ya shirya jarrabawar tantance ƴan kwantaragin firamare. Sandika sunka yi kiran a ƙaurace mata, daga baya anka soke kwantaragin dubban malamai. Gwamnati na da hujjarta, don akwai masu rauni cikinsu. Su kuma sandika sunka ce wa ya ɗauke su aiki ba tare da isasshen horo ba?

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne nauyin aikin kansa. Malami ɗaya ya haɗa aji biyu a rumfar zana. Wani a CEG na ƙauye ya riƙe lissafi, fizik da SVT shi kaɗai. In pekil ya makara, dole ya ci bashi wajen mai shago, kuma kwanan da ya yi a hanya yana neman haƙƙinsa, yaranmu ne ke zaune ba darasi. In ya gaji ya bi sawun ƴan ci-rani, ajin ya koma kan wanda ya rage.

Don haka iyaye, musamman ƴan kwamitin COGES, in an sake sa hannu kan wata yarjejeniya a Yamai, mu nemi sanin abin da ke cikinta: ranar biya, yawan matirkil, da malamai nawa za a turo wa kwamin ɗinmu. Mu tambayi sufeto, mu tambayi wakilin sandika, kowa ya yi bayani gaban jama'a. Allah ya ba yaranmu ilimi mai albarka.