Labarin Dardumar Kilim

Tun zamanin da, matan makiyayan Anadolu, cikin ƙasar Turkiyya, sukan saƙa wata darduma shimfiɗaɗɗiya kamar gwadonmu, ana ce da ita kilim. Da gashin tumakinsu suke yi, su rina ja da saiwar wani tsiro, shuɗi kuwa da baba. Kowane zane da ma'anarsa: mace riƙe da ƙugu alamar haihuwa ce, ƙahon rago ƙarfi, ido kuwa tsari daga mugun ido.

Cikin 1856 wani Bature, Perkin, ya gano rinin kanti a Ingila. Da irinsa ya kai can, sai masaƙa da yawa suka bar rinin iyayensu. Mu ma marinarmu ta ragu ainun. To, 'yan makaranta, mu tambayi tsofaffi tun suna nan.